BASHIN GWAMNATI, WA ZAI BIYA?

Jama'a, 'yan'uwana talakawa, da ku 'yan kasuwa maza da mata, yau ina so mu zauna mu yi lissafi, irin wanda kowane mai rumfa ya ke yi da magariba bayan ya tattara kayansa. Ni akawu ne, aikina riƙon littafin kuɗin jam'iyya, kuma abin da na sani game da littafi bai wuce abin da kuka sani ba, watau shafi ɗaya na abin da ya shigo, ɗaya na abin da ya fita. In shafi na biyu ya fi na farko tsawo, to, mai littafin nan yana cikin wahala ko da babbar riga ya sa. Littafin da za mu buɗe yau na Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ne, dalilin buɗe shi kuwa shi ne, kowane kwabo da aka rubuta a shafin bashi daga aljihunku za a fitar da shi.

Mun sha jin ana yi mana ba'a, wai mu masu ra'ayin mazan jiya ne, ba mu san yadda a ke tafiyar da ƙasa a zamanin nan ba, wai ai kowace ƙasa tana cin bashi, har Amurka. To, in cewa mutum ya yi tsimi, ya ci daidai abin da ya noma, ya ajiye iri don baɗi, shi ne ra'ayin mazan jiya, mun karɓi sunan da hannu biyu. Iyayenmu da wannan ra'ayi suka riƙe gidajensu, da shi kuma kowace mai adashi ta ke riƙe da amanar mutane har yau. Abin da ya ke ba mu haushi shi ne, su kansu masu mulkin sun san wannan ra'ayi, sun yi mana alkawarinsa lokacin neman ƙuri'a, har sun rubuta shi cikin doka, sa'an nan suka take dokar da ƙafafunsu.

SHEKARUN ƘOSHI DA NA YUNWA

Labarin Annabi Yusufu sananne ne ga Musulmi da Kirista baki ɗaya. Sarkin Masar ya yi mafarki, aka fassara masa cewa shekara bakwai na ƙoshi suna tafe, bayansu kuma shekara bakwai na yunwa, aka ba shi shawara ya cika rumbuna tun da sauran albarka. Ya ji, ya yi, ƙasarsa ta tsira. Mu ma Allah Ya ba mu shekarun ƙoshi, ba sau ɗaya ba. Bari mu ga abin da aka yi da su.

Na farko ya zo a 1973 zuwa 1974, sa'ad da kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya. Kuɗi suka kwararo cikin baitulmalin Gwamnati irin yadda ba a taɓa gani ba. Aka yi ƙarin albashin nan da a ke kira na Udoji, har da biyan na watannin baya, kuɗi suka cika gari alhali kayan kasuwa ba su ƙaru ba, nan da nan tsadar kaya ta 1975 ta kai kusan kashi 34 cikin ɗari. A wannan shekara kuma aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20, tashar jiragen ruwa ta Ikko kuwa ba ta iya sauke ko kusa da haka a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. A 1977 aka yi bikin FESTAC. A 1978 aka je Turai aka ciwo bashin dala biliyan 1. Da kuɗin mai ya faɗi, sai ga Gwamnatin marigayi Alhaji Shehu Shagari a 1982 tana shelar a tsuke bakin aljihu, dattawanmu kuwa suna tune da layin sayen shinkafa da madara da sabulu na shekarun da suka biyo. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, darajar Naira ta soma gangara.

Bashin nan ya yi ta haihuwa, kuɗin ruwa bisa kuɗin ruwa, har abin da ƙasashen Ƙungiyar Faris su ke binmu ya kai wajen dala biliyan 30. A watan Oktoba na 2005, zamanin Shugaba Obasanjo da Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala, aka daidaita da su, suka yafe dala biliyan 18, mu kuma muka biya wajen biliyan 12, aka ƙare biya a Afrilu 2006. Bashin waje ya sauko ƙasa da dala biliyan 4. Watau Nijeriya ta zama kamar mutumin da ya sayar da shanunsa ya fanshi gonar gado daga jingina. Kowa ya ce an ji jiki, ba za a sake ba.

DOKOKIN DA AKA KAFA

Gaskiya ce a faɗa, a wannan lokaci an yi wasu shirye-shirye masu kyau. A 2004 aka buɗe Asusun Rarar Kuɗin Mai. Yadda abin ya ke, Gwamnati takan ƙiyasta kuɗin gangar mai cikin kasafin shekara, in aka sayar fiye da haka sai a zuba rarar cikin asusun, don ranar da kasuwa za ta juya. Wannan shi ne rumbun Yusufu. Wajen 2008 abin da ke ciki ya kai kimanin dala biliyan 20.

A 2007 marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a kan Dokar Tsimin Kuɗin Gwamnati. Dokar ta ce giɓin kasafin shekara, watau abin da za a kashe fiye da abin da za a samu, kada ya wuce kashi 3 cikin ɗari na dukan arzikin da ƙasa ta samar a shekara, sai fa in tsaron ƙasa yana cikin hatsari bayyananne. Ta kuma ce kada a ci bashi sai don manyan ayyuka da raya jama'a, bashin kuma ya zama mai sauƙin ruwa da dogon wa'adi.

A wannan shekara kuma aka yi sabuwar Dokar Babban Banki. Sashe na 38 na dokar ya ce, in Gwamnati ta shiga matsi tana iya karɓar rance na ɗan lokaci daga Babban Banki, amma kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari na abin da ta samu bara, kuma tilas ta biya kafin shekarar kuɗin ta ƙare. Dokar ta hana a mai da wannan rance takardun bashi na dogon lokaci. Ku riƙe wannan sashe da kyau, domin a kansa babbar maganarmu ta ke.

MAI DOKAR BARCI YA ƁUGE DA GYANGYAƊI

Rumbun aka fara fasawa. Gwamnoni suka tashi suka ce tsarin mulki bai yarda a ɓoye kuɗi ba, a raba kawai, har suka kai ƙara Kotun Ƙoli. Gwamnatin Tarayya ita ma ba ta rasa hannu a ciki ba. Aka yi ta ɗiba, har cikin shekarun 2011 zuwa 2014 da gangar mai ta ke wajen dala 100, lokacin da ya kamata a ce zubawa a ke yi. Da kuɗin mai ya faɗi a ƙarshen 2014, ba a sami abin kirki a rumbu ba. A 2022 abin da ya saura cikin asusun nan na dala biliyan 20 bai kai dala rabin miliyan ba. Ƙasar Norway ita ma mai ta ke haƙowa, ta fara zuba kuɗi cikin nata asusun a 1996, a 2017 ya wuce dala tiriliyan 1. Man duka iri ɗaya ne, riƙon ne ya bambanta.

A 2015 talakawa da yawa, musamman mu na Arewa, suka jefa wa marigayi Muhammadu Buhari ƙuri'a saboda an san shi da tsimi da gudun duniya. Da hawansa ya rage albashinsa da na mataimakinsa da rabi, ya kuma tilasta a tara kuɗin Gwamnati cikin asusu ɗaya. Jama'a suka ce madalla. Amma ga abin da littafi ya nuna. A watan Yuni na 2015 dukan bashin da a ke bin ƙasar nan, na Tarayya da na jihohi, Naira tiriliyan 12 ne da 'yan kai. A watan Yuni na 2023 ya wuce tiriliyan 87. A ƙarshen 2024, zamanin Shugaba Tinubu, ya wuce tiriliyan 144. Tiriliyan ɗaya kuwa miliyan ce sau miliyan. In aka raba wannan bashi na 2024 ga mutane miliyan 230, kowa ya tashi da fiye da Naira 600,000 a wuyansa, har jaririn da aka raɗa wa suna jiya. Wannan ya fi albashin wata takwas na ƙaramin ma'aikaci mai karɓar Naira 70,000.

Kada a ce mun yi zalunci cikin lissafi. Mun sani wani sashe na hauhawar nan faɗuwar Naira ce ta kawo shi, domin bashin dala in an juya shi zuwa Naira mai rauni sai ya kumbura. To, mu auna da dala ɗin ma. Bashin waje da ya ke ƙasa da biliyan 4 a 2006, ya kai biliyan 10 a 2015, ya wuce biliyan 45 a ƙarshen 2024. Watau mun koma ramin da aka fid da mu, har mun zarce.

Amma abin da ya fi muni shi ne na sashe na 38. Rancen da doka ta ce kada ya wuce kashi 5 cikin ɗari, ta ce a biya cikin shekara, sai aka yi ta karɓa ba biya, shekara bayan shekara, zamanin Gwamnan Babban Banki Godwin Emefiele. A tsakiyar 2015 bai kai tiriliyan 1 ba. Kafin ƙarshen 2022 ya kai Naira tiriliyan 22.7. Majalisar da aka zaɓa don ta tsare doka ba ta tsai da abin ba. Maimakon haka, a watan Mayu na 2023, Gwamnati tana haramar sauka, Majalisa ta yarda a mai da dukan kuɗin bashi na shekara 40 da ruwa kashi 9 cikin ɗari, abin da dokar ta hana ƙarara. Cikin watan kuma Majalisar Dattawa ta zartar da gyara don a ɗaga iyakar daga kashi 5 zuwa 15. A watan Disamba na wannan shekara aka sake yin haka da wani tiriliyan 7.3. Ku duba fa, shekara 40! Yaron da ke goye a bayan uwarsa cikin kasuwa yau, sai ya yi furfura yana biyan kuɗin da aka kashe tun bai san hagunsa da damansa ba.

YADDA ABIN YA KE ISOWA RUMFARKA

Wani zai ce, to, ina ruwan mai sayar da gero da abin da Gwamnati ta yi da bankinta? Bari in warware. In ka ranci kuɗi wurin maƙwabcinka, kuɗin da ma suna nan, hannu kawai suka sauya. Amma Babban Banki shi ne mai yin kuɗin. In ya ranta wa Gwamnati, sababbin kuɗi ne ya ƙirƙiro, waɗanda ba a noma ko zangarniya ɗaya a madadinsu ba. Kuɗi su ƙaru, buhunan hatsi suna nan yadda su ke, to, tilas kuɗin buhu ya hau. Kamar mai fura ce ta ƙara ruwa cikin nono, ƙwarya ta cika, amma wanda ya sha ba zai ƙoshi ba.

Ba mu ce wannan kaɗai ya kawo tsada ba. 'Yan bindiga sun kori manoma daga gonaki, janye tallafin fetur da aka yi ran 29 ga Mayu 2023 ya ɗaga lita daga ƙasa da Naira 200 zuwa fiye da 500, har ta wuce 1,000 a 2024, dala kuma ta tashi daga wajen Naira 460 ta wuce 1,500. Amma ku tambaya, me ya raunana Naira tun da fari, in ba yawanta ba tare da abin da ya tsaya mata ba? A watan Yuni na 2024 tsadar abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari, a Disamba kuma tsadar kaya gaba ɗaya ta kai kashi 34.8. Adadin 1975 ne ya dawo bayan kusan shekara hamsin, kamar ba a koyi kome ba.

Ga misali. A ce kana da jarin Naira miliyan 1, ka saro buhu 20 a kan Naira 50,000 kowane. Ka sayar a kan 55,000, ka ƙirga ka ga miliyan 1 da dubu 100, ka ce an ci riba. Ka koma sari, sai ka tarar buhu ya zama 67,000. Kuɗinka duka, uwa da riba, buhu 16 za su saya. Ina buhu huɗu suka tafi? Ɓarawo bai fasa rumfarka ba, mai karɓar haraji bai ba ka rasit ba, amma an karɓe su. Wannan shi ne harajin da ba a shela. A zamanin En'e, in za a ƙara haraji ko jangali, sai an faɗa, mai unguwa ya zo, mutum ya san nawa aka karɓa, har ya iya kai kuka. Wannan kuwa cikin dare ya ke shiga, ya fi cin mai ɗan ƙaramin jari, da mai albashi, da tsohon da ke jiran fansho, da matar da ta zuba adashi a Janairu ta kwasa a Disamba. Mai gidaje da daloli shi ba ya ji. Ko da tsadar ta lafa daga baya, jarin da ya narke ba ya dawowa da kansa.

Akwai hanya ta biyu. In Gwamnati ta shiga kasuwar bashi ta cikin gida, ita ce babbar mai saye. A 2024 tana biyan ruwa fiye da kashi 20 cikin ɗari a kan takardunta na shekara ɗaya. Wane banki ne zai bar wannan riba ta zaune ya ba mai masaƙa ko mai injin casar shinkafa rance mai sauƙi? Saboda haka masana'anta ba ta faɗaɗa, ɗanka da ya gama makaranta yana zaune a gida.

Hanya ta uku ita ce ta biya. Bankin Duniya ya lissafa cewa a 2022 biyan bashi ya cinye kashi 96 cikin ɗari na kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta samu. Watau cikin kowace Naira 100, huɗu ce ta saura. Albashi da magani da alli, sai an sake rance. Cikin kasafin 2025, wanda ya kai kusan Naira tiriliyan 55, an ware wa biyan bashi fiye da tiriliyan 14, abin da ya fi na ilmi da na lafiya in an haɗa su. In ka je asibitin Gwamnati aka rubuta maka takarda ka sayo har safar hannu da allura, ka san inda kuɗin suka tafi.

A ƊAURE CIKI, IN JI MAI ƘOSHI

Da a ce ranar da aka ce talaka ya yi haƙuri manya ma sun rage cokali, da maganar ta yi sauƙi. Amma ga abin da idonmu ya gani. Cikin 2023, watanni kaɗan bayan janye tallafi, aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motoci, su kuwa 469 ne, jaridu suka ba da labarin kuɗin kowace ya kai wajen Naira miliyan 160. Ƙaramin albashi a lokacin Naira 30,000 ne, watau sai ma'aikaci ya yi shekara 444 yana aiki bai ci bai sha ba kafin ya tara kuɗin mota ɗaya. Aka naɗa ministoci fiye da 45, alhali abin da tsarin mulki ya wajabta shi ne ɗaya daga kowace jiha cikin 36. Cikin ƙarin kasafin wannan shekara aka ga Naira biliyan 5 na jirgin ruwan Shugaban Ƙasa, da biliyan ɗaya da rabi na motocin ofishin uwargidansa. A watan Yuni na 2024 aka buɗe gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa wanda ya ci Naira biliyan 21, a Agusta kuma sabon jirgin saman Shugaban Ƙasa ya sauka. Cikin watan nan na Agusta Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya gaya wa Sashen Hausa na BBC cewa abin da ya ke karɓa a wata, har da kuɗin tafiyar da ofis, ya kai Naira miliyan 21. Mun gode masa da ya faɗi gaskiya. Amma ku raba da 70,000 ku gani, albashin ma'aikata 300 ke nan.

Tun 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ba da rahoto cewa hukumomin Gwamnati sun yi yawa, da dama aiki ɗaya su ke yi, ya ce a rage waɗanda doka ta kafa daga 263 zuwa 161. Rahoton ya kwana cikin durowa zamanin Jonathan da na Buhari, ana ta ƙirƙiro sababbin hukumomi, sai a Fabrairu 2024 aka ba da umurnin a yi aiki da shi. Shekara goma sha biyu kafin a ce za a rage kujerun manya, amma tallafin fetur da magana ɗaya aka janye shi ranar rantsuwa.

Masu kare Gwamnati suna da amsa, kuma ya kamata a ji ta. Sun ce kuɗin motoci da gidaje ɗigo ne cikin kogi in an gwada da tiriliyoyi. Sun ce harajin da a ke tarawa a ƙasar nan kaɗan ne ƙwarai, ga jama'a tana ƙaruwa, ga yaƙi da 'yan ta'adda, ga annobar 2020. Sun ce da bashi aka shimfiɗa dogon Abuja zuwa Kaduna, da na Ikko zuwa Badun, da gada ta biyu a kan Kwara. Duk mun ji. Ba mu taɓa cewa bashi haram ne ga Gwamnati ba. Ɗan kasuwa yakan karɓi kaya bashi, ya sayar, ya biya, ya ci riba. Amma wanda ya karɓi bashi ya yi biki, ya sayi cefane, ya biya wani bashin, shi kowa a kasuwa ya san sunansa. Tallafin fetur na 2022 kaɗai ya ci fiye da Naira tiriliyan 4, a shekarar da biyan bashi ya ke cinye kusan dukan abin da ya shigo. Wannan ba gada ba ce, ba dogo ba ne. Game da ɗigo cikin kogi kuwa, maigidan da ya ce wa iyalinsa a koma cin tuwo sau ɗaya, sa'an nan aka gan shi a tukubar mai tsire, ba yawan kuɗin tsiren ne abin dubawa ba. Daga ranar ba wanda zai ƙara jin maganarsa a gidan. Ta yaya za a ce wa mai tebur ya biya haraji da zuciya ɗaya alhali yana ganin inda a ke kai shi?

Mun kuma ji Gwamnan Babban Banki Olayemi Cardoso ya gaya wa 'yan Majalisa a 2024 cewa ba za a ƙara ba Gwamnati irin wancan rance ba sai ta biya na baya. Wannan magana ce mai kyau. Amma tun da doka rubutacciya ba ta hana na jiya ba, ba za mu kwanta a kan alkawarin baki ba.

ABIN DA MU KE NEMA

Na farko, iyakar kashi 5 cikin ɗari ta sashe na 38 ta zauna daram, a kuma sa hukunci mai tsanani a kan duk Gwamnan Banki ko Ministan da ya ƙetare ta, domin doka marar bulala shawara ce. Na biyu, kowane bashi da za a ci, a buga sunan aikinsa, da garin da za a yi shi, da ruwansa, da ranar biya, cikin jaridu da rediyo, da Hausa da sauran harsunan ƙasa, kafin Majalisa ta sa hannu. Na uku, a gyara tsarin mulki don asusun ajiya ya sami gindin zama, yadda Gwamna ko Shugaba ba zai fasa shi ba don zaɓe ya matso. Na huɗu, a haɗe hukumomin nan kamar yadda rahoton 2012 ya ce, a rage ministoci da masu ba da shawara, a bayyana abin da kowane ɗan Majalisa ya ke karɓa har kwabon ƙarshe. Na biyar, duk shekarar da aka ce talaka ya ɗaure ciki, a hana sayen sabuwar mota da jirgi da gina sabon gida ga kowane mai muƙami.

Kada kuma mu manta da na kusa da mu. Tun da aka janye tallafi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi su ke karɓa daga Abuja kowane wata ya ƙaru sosai. Ku tambayi Gwamnanku da Ciyaman ɗinku ina ƙarin. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayani ta 2011, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon rubuta takarda ya nemi hukumar Tarayya ta nuna masa yadda ta kashe kuɗi. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suna da sakatarori, su rubuta. Kada ku ce kuka ba ya amfani. Kuɗin jirgin ruwan nan na biliyan 5, ko da ya ke Fadar Shugaban Ƙasa ta ce na sojan ruwa ne, da jama'a suka yi ca, Majalisar Wakilai ta cire shi ta mai da shi asusun rancen ɗalibai.

Mu ma 'yan hamayya wannan ma'auni yana kanmu. In kura tana da maganin zawo ta fara yi wa kanta. Duk ɗan takarar da ya zo rumfarku, namu ne ko nasu, yana alkawarin zai yi kaza kyauta, zai raba kaza, ku ce masa, “Ranka ya daɗe, da wane kuɗi? Haraji za ka ƙara, ko bashi za ka ci, ko wace kujera za ka rage?” In ya yi ta kame-kame, ku karɓi gaisuwarsa ku riƙe ƙuri'arku. Taliya da atamfar ranar zaɓe ma ku sani daga cikin bashin nan su ke, ku ne za ku biya su da ruwa.

Malam Aminu Kano ya yi minista, ya jagoranci jam'iyya, ya rasu a 1983 cikin ɗan gidansa na Gwammaja. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ya riƙe ƙasar nan duka, bai bar wa magada taskar dukiya ba. Saboda haka riƙon amanar baitulmali ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, mun taɓa ganinsa, muna kuma da ikon nemansa wurin waɗanda mu ke biya albashi. Kowa ya kai wannan lissafi rumfarsa da majalisarsa, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, a zo taron reshe na wannan mako da tambayoyi.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronsa cikin dukiyar jama'a, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu, amin.